Mako Uku da Waya a Baki

Litinin, ranar farko

Yau aka liƙa mini ƙananan ƙarafa a haƙora, aka zura siririyar waya. Shekarata 39. Haƙorana na gaba na ƙasa sun hau kan juna tun ina firamare, buroshi da asawaki ba sa shiga lungunsu, dasashin wurin ya daɗe yana jini. Sai da aka wanke shi ya warke sarai kafin likita ya yarda a fara.

Na biya gida, Inna ta dube ni ta ce, "Ke kuwa, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ba ta faɗi ƙarya ba. Ƙashin babba ya fi na yaro tauri, ya fi shi jinkirin sabunta kansa, shi ya sa waya kaɗai kan ci kusan shekara biyu. Wannan ne dalilin tiyatar da za a yi mini mako mai zuwa.

Litinin, ranar aiki

Kafin a taɓa ni sai da aka sake tambayata ko ina da ciwon sukari, ko ina shan maganin ƙarfafa ƙashi. Na ce babu. Aka yi allurar kashe zafi, leɓena ya yi nauyi kamar na wani. Likitan dasashi ya ɗaga naman, ya tsattsaga ɓawon ƙashin tsakanin saiwa da saiwa, bai taɓa saiwar ba, bai kuma nutsa can ciki ba. Ya zuba garin ƙashi na dashe, ya mayar da dasashi ya ɗinke. Zafi ban ji ba, amma ƙarar injin ta ratsa ni har tsakiyar kai. Na yi ta salati a zuci.

Talata

Haɓa ta kumbura. Kunu mai sanyi da kindirmo kawai na iya sha.

Laraba

Kumburin ya fi na jiya, kamar yadda aka gargaɗe ni. Baban yara ya ga na kasa barci, ya fita kemis ya sayo ibuprofen. Na kira likita, ya ce, "Malama, ki tsaya a kan farasitamol." Ya yi mini bayani cewa motsin haƙori yana tafiya ne da ɗan kumburin da jiki ke tayarwa a jikin saiwa, irin wancan maganin kuwa yana danne shi. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai darasin ƙashi a allo, yau na ji shi a muƙamuƙina.

Juma'a

Yau na samu ƙarfin karatu a kan wannan tiyata, kuma abin ya kama ni har la'asar ta kusa kuɓuce mini. A 1959 wani likita a Ostiriya, Heinrich Köle, ya bayyana wannan tsaga. Shi a ganinsa an yanka ƙashi ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana tafiya da haƙorinta. A 1983 Harold Frost, likitan ƙashi a Amurka, ya bayyana cewa idan aka ji wa ƙashi rauni, duk kewayen wurin yakan shiga rushewa da ginuwa cikin gaggawa. Sai a 2001 'yan'uwa biyu a jihar Fensilbaniya, William da Thomas Wilcko, ɗaya mai gyaran jerin haƙori ɗaya likitan dasashi, suka haɗa zancen biyu. Hotunan da suka ɗauka sun nuna ba gunduwa ke tafiya ba. Ƙashin ne ke yin laushi na ɗan lokaci, haƙori ya ratsa, sannan ya sake ƙanƙarewa.

Ke nan ba a tura haƙori da ƙarfin tsiya. Waya tana danna shi a hankali, gefen da aka danna ƙwayoyin halitta su cinye ƙashin, gefen da aka ja wasu su gina sabo. Tiyata tayar da ma'aikatan kawai take yi. Na so a ce na san haka shekara goma da suka wuce, lokacin da nake rufe baki da gyale in zan yi dariya.

Akwai hanya mai sauƙi da Serge Dibart na Jami'ar Boston ya fito da ita a 2009, inda ake tsaga ta ƙananan kafofi ba tare da ɗaga dasashi ba. Ni ƙashina na gaba siriri ne, likita ya fi son ya gan shi da idonsa ya ƙara masa kauri.

Litinin, kwana 7 da aiki

An cire zare. Kumburi ya saɓe, na ci tuwo mai laushi da miyar kuka. Likita ya ja kunnena: laushin ƙashin ba ya wuce kamar wata huɗu, don haka zan riƙa zuwa duk bayan mako biyu, maimakon sau ɗaya a wata. Wanda ya yi wasa da ranakun zuwa ya sha yanka a banza. Na je wurin shugabar makarantarmu, ta mayar da darasina na safiyar Litinin zuwa bayan tara.

Litinin, kwana 14 da aiki

An sauya waya. Da yamma haƙoran suka ɗauki tsami, ko burodi ban iya gatsa ba. Bayan isha'i na ɗauki zaren sakace na gwada tsakanin haƙoran nan biyu da suka fi cushewa, inda kullum yake tsinkewa. Ya shige har dasashi, ya fito. Na kira Inna, ta ce gobe in zo ta gani da idonta.