Tafiya Kuki: Gyalen Siliki Ya Ci Kuɗinsa Kuwa?

A wannan watan sai ki yafa mayafinki ki biyo ni, Kuki za mu, a ƙasar Dutsin-Ma. Daga birnin Katsina za ki bi ta Batagarawa, ki ratsa Kurfi, ki sauka Dutsin-Ma, sannan ki nemi abin hawa ki ƙarasa. Ki yi sammako, ki kuma tambayi mutanen gari lafiyar hanya, don kin san halin da 'yan bindiga suka jefa yankin a shekarun nan.

Za ki ce me ya haɗa Kuki da siliki? Gardama ce ta kai ni. Ana haɗa lefen ƙanena, amarya ta kafe sai an sa mata gyalen siliki mai sunan wani maɗinki, wai aikin hannu ne, kuɗinsa kuwa ya isa a cika rumbu. Aka ci bashi aka saya. Da zan je gaida gwaggona sai na tafi da shi, don ita ta yi kaɗi tun tana budurwa, hannunta ya san zare.

Da kin shiga gari, ki lura da itatuwan tsamiya a bakin gonaki. Ba miya da kunu kaɗai ke gare su ba. Akwai wata tsutsa da ke cin ganyen, su taru da yawa su saƙa gida guda. Shi ake dafawa da ruwan toka, a shanya, a kaɗa da mazari kamar auduga. Wannan shi ne zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki, Yarabawa na ce masa sanyan. Ba ya walƙiya, launinsa ƙasa-ƙasa, amma ƙarko sai wanda ya gani. Jan alharini kuwa fatake ke kawo shi daga Tarabulus ta Sahara. Bature Heinrich Barth ya tarar da cinikinsa a Kano a 1851.

Gwaggo ta karɓi gyalen, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ba ta ce komai ba. Ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da zanen saƙi mai ratsin alharini, wanda uwarta ta shiga ɗaki da shi. 'Yar'uwa, da kin riƙe shi kin ji nauyi. Ta lissafa min hannun da ya bi: mai gurzar auduga, mai shiɓa, mai kaɗi, marini da ya tsoma shi a baba, masaƙi da ya fitar da shi ƙwarya-ƙwarya, mai haɗa ƙwaryoyin da allura. Kaɗin kaɗai, in ji ta, sai ya ci rani guda. Har yau akwai mazaɓar da ake kira Karofi a Dutsin-Ma, sunan da ke tuna miki da marina.

Sai ta zare zare ɗaya daga gezar gyalen amarya, ta kai shi bakin garwashi. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani a Kantin Kwari: siliki na gaskiya yana ƙauri kamar gashi, tokarsa kuma tana murƙushewa. Namu ya narke ya dunƙule, ɗaki ya ɗauki warin leda. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, suna kuka saya."

Kada ki ɗauka ina cewa duk mai tsada yaudara ne. Kamfanin Hermès na Faransa yana yin ɗankwalin siliki tun 1937, faɗinsa santimita 90, ana naɗe bakinsa da allura da hannu, guda ya haura Yuro 400. Silikin gaskiya ne, aikin ma gaskiya ne, sai dai kaso mai tsoka na kuɗin na suna ne da hayar kanti. Mai hali ta saya, shari'a ta halatta mana alharini mu mata. Ni dai a ganina, wanda ya ci kuɗinsa shi ne wanda za ki juya bayansa ki ga sawun allura ba iri ɗaya ba, ki gwada zarensa ya tabbata, a kuma iya gaya miki inda aka yi shi, kamar rawanin ɗan Kura ko aikin allurar Zariya. Na bashi kuwa, ko daga ina ya zo, ban ga ribarsa ba.

Da la'asar na nemi gwaggo ta sayar min da zanen, ta yi dariya ta mayar da shi akwati. Ta ce jikarta za ta ba, in dai yarinyar ta yarda ta zauna ta koyi riƙon mazari. Gyalen amarya kuwa na naɗe shi a jaka, ina ta tunanin yadda zan yi wa ƙanena bayani har muka wuce Kurfi.