Abin da ido ya gani, shi ake rubutawa

A wata kwaleji ta jahar Tawa an yi wani malami mai koyar da faransanci. Cikin shekarar karatu ta 2003-2004, ya ɗauki sati biyu yana koya ma ƴan aji na uku rubutun rahoto. Rahoto ita ce takardar da ake aika ma hukuma don a sanar da ita abin da ya faru, ta san matakin da za ta ɗauka.

Ranar farko malam bai taɓa alli ba. Ya nuna wani yaro ɗan ƙauye, ya ce: "Tashi ka gaya muna da Hausa abin da ya faru garinku bara."

Yaron ya ce: "Mushe, bara awaki sun mutu da yawa, mun sha wuya ƙwarai."

Malam ya ce: "Allah ya maida alheri. Amma wannan kuka ne, ba rahoto ba. Awaki nawa? Na gida nawa? Cikin wane wata? Mi ka gani jikinsu kafin su mutu? In likitan dabbobi ya ji maganarka, wane magani zai ɗauko?"

Yaro ya yi shiru. Sannan malam ya rubuta tambaya biyar bisa allo: Mi ya faru? Ina? Yaushe? Nawa? Wa ya gani? Ya ce a saman takarda a sa sunan gari, da kwanan wata, da wanda ake aika ma. A tsakiya a amsa tambayoyin nan biyar. A ƙasa a faɗi abin da ake roƙo, a sa hannu. Ya ƙara da doka guda: "na gani" daban, "an ce" daban, kada a gama su layi ɗaya. Kuma abin da ido ya gani a rubuta shi, ko mutum bai gane ma'anarsa ba.

Sau uku malam yana maido ma yaron takardarsa. Har yaron ya fara cewa a ransa mushe ba ya son shi.

Aka yi hutun damana, yaro ya koma ƙauye yana taya ubansa noma. Damanar 2004 ce, shekarar da farin ɗango suka sauko daga arewa, suka faɗa ma ƙasashen Sahel, har da Nijar. Wata rana da maraice sai ga su kamar hadari. Suka sauka wani fili mai rairayi arewa da gari, suka kwana biyu, suka tashi. Mutane suka yi hamdala, suka ce masifa ta wuce.

Yaro ya ɗauki littafinsa da fensir ya tafi wurin tun farin ba su tashi ba. Ya auna filin da ƙafa: taki 300 a tsawo, taki 200 a faɗi. Ya ga farin masu ruwan ɗorawa ne. Ya ga da yawa cikinsu sun soke gindinsu cikin rairayi mai danshi. Bai san dalili ba, amma ya rubuta.

Da dare maigari ya kira shi, ya ce: "Ɗana, tunda kai ne ɗan lakkol, rubuta ma malamin gona. Ka ce fara ta cinye gari ƙaf, ba ta bar ko kara ba. In ba ka zuzuta ba, ba mai zuwa."

Yaro ya durƙusa ya ce: "Baba, ka yi haƙuri. Gona bakwai na ga ta taɓa. In na ce duka, suka zo suka tarar ba haka ba, gobe ko gaskiya muka rubuta ba su yarda."

Maigari ya ji zafi. Waɗansu dattawa suka ce boko ya sa yaro gardama da manya. Uban yaron ma ya sadda kai don kunya. Daga baya maigari ya ce: "To, rubuta taka. In ba su zo ba, kai ka san abin da za ka faɗa ma gari." Yaro ya rubuta, ya fassara masa layi layi, maigari ya dangwala yatsa. Da asuba aka ba mai amalanke ya kai.

A lokacin, saƙo yana zuwa ma malamin gona daga ko'ina, kuma duk magana ɗaya ce: fara ta gama da mu. Mota kaɗan, magani kaɗan, ina za a fara? Da ya karanta takardar yaron, sai ya ga abin da mutanen gari ba su gani ba. Fara mai ja-ja ba ta isa ƙwai ba, ci da tafiya ne aikinta. Mai ruwan ɗorawa ita ce ta isa. In ta soke gindi a ƙasa, ƙwai take zubawa. Bayan kamar sati biyu ƙwan zai ƙyanƙyashe. Ƴaƴan ba su da fiffike, sai sun yi wajen wata guda suna tafiya a ƙasa suna ci. Lokacin ne kashe su ya fi sauƙi. In suka yi fiffike, sai bin iska, suna iya wuce kilomita 100 a yini.

Takardar ta faɗi wuri, ta faɗi rana, ta faɗi girman fili. Malamin gona ya ƙidaya kwanaki, ya zo da masu feshi daidai lokacin da ƙasa ta yi baƙi da ƴan fara. Aka fesa tun ba su kai gonaki ba.

Takarda ba ta hana yunwar 2005 ba, don ruwa ma ya ɗauke da wuri a wurare da yawa. Garin ya sha wuya kamar sauran garuruwa. Amma gonakin arewa sun ba da ƴan dammunan da suka riƙe gidaje da dama har tsakiyar rani. Da aka koma lakkol cikin Oktoba, yaro ya kai ma malam kwafin takardar. Malam ya karanta, ya gyara kuskure biyu da jan biro, ya miƙa masa, ya ce: "Wannan karo ba sai ka sake ba."

Wannan aiki ba na ƴan kwaleji kaɗai ba ne. Manomi ko makiyayi da ya shiga karatun manya yana iya yin sa da Hausa. In fara ta sauka, in ciwo ya shiga garke, in rijiya ta rufta, a ɗauki fensir tun ranar. A rubuta mi ya faru, ina, yaushe, nawa, wa ya gani. Kada a ƙara, kada a rage.