Bencin Gaba

A watan Yulin 2013, Oprah Winfrey, baƙar fatar Amurka da ta shahara a talabijin, ta je birnin Zurich na ƙasar Suwizalan bikin auren mawaƙiya Tina Turner. Ta shiga wani kantin masu hannu da shuni, ta nemi a miƙo mata wata jaka ta fatar kada mai kuɗi faran 35,000. A faɗarta, mai jiran kantin ta ƙi, wai jakar ta fi ƙarfinta. Mai kantin ta ce rashin fahimta ne kawai. Duk da haka hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fito ta ba Oprah haƙuri a bainar jama'a.

Da na ji labarin a rediyo, tsaki na yi, na ce halin Turawa ke nan. Daga baya na lura da abin da ya fi ci wa mutane rai: ba a gane ko wace ce ba. Da wata ce marar suna, da ta fita da takaicinta, ba wanda zai ji.

A shekarar nan muka yi sujadar godiya ta kaka a ƙaramar ikkilisiyarmu. Rufin majami'a na yoyo, mun kuma gayyato wani ɗan garinmu da ya yi arziki a Kano, muna sa rai zai sayo mana kwano. Wata tsohuwa, gwauruwa, ta yi sammako da ƙwaryar gero a ka, ta zauna a bencin gaba domin kunnenta ya yi nauyi. Baƙo na shigowa cikin shadda mai aiki, sai wani dattijon ikkilisiya ya sunkuya ya yi mata raɗa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma can baya kusa da ƙofa, inda ake jere takalma.

Ina kan mumbari, na gani da idona. Na buɗe littafin waƙoƙi, na kira lamba.

Na san Wasiƙar Yaƙub sura 2. Har jarrabawa na rubuta a kanta a makarantar tauhidi. Manzon ya kawo misalin mai zoben zinariya da matalauci mai tsummoki da suka shigo taro ɗaya, ya kuma kira masu bambanta su alƙalai masu mugun tunani. Ban taɓa zaton ni ne alƙalin ba. Mai jiran kantin Zurich ko ba komai tana iya cewa ba ta san Oprah ba. Ni kuwa na san tsohuwar nan, ni na yi jana'izar mijinta.

Sai da aka yi Lahadi uku ba ta zo ba kafin na taka zuwa gidanta. Na tarar tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na ce, "Iya, na yi miki laifi, ki gafarta mini."

Ta ce, "Haba Fasto, tashi. Wurin zama ne kawai. Abin da ya dame ni, ban ji wa'azin ba."

Ta dawo sujada, amma har Ubangiji ya kira ta ba ta sake zama a gaba ba, duk roƙon da na yi. Sai na koyi ɗaga murya. Kwanon da baƙon ya saya yana bisa kanmu har yau, ko ɗigo ba ya yi.