Gidan da Na Nuna wa Malamina a Alƙahira

A birnin Alƙahira wurare biyu ne ke amsa sunan Ofera, kuma ruwan Nilu ya ratsa tsakaninsu. Ɗaya dandali ne a tsohuwar tsakiyar gari, dab da Ataba da lambun Azbakiyya. Ɗayan kuwa katafaren gini ne a tsibirin Jazira, wanda tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta gefensa ma sunansa take ɗauke da shi. Na zauna a birnin nan ina karatu, na ratsa ta wuraren biyu sau ba adadi, amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ya haɗa su ko ya raba su ba. Wannan sakaci ne ya kai ni ga faɗa wa malamina abin da ba gaskiya ba, ina tsaye a gabansa, da murya irin ta wanda ya sani.

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali, 'yan wasa na zance da juna cikin waƙa. A Italiya aka haife shi. Hidiwi Isma'il, mai mulkin Masar daga 1863, shi ya kawo wa wannan fasaha gida a Alƙahira, domin manyan baƙin da za su zo bikin buɗe mashigin ruwa na Suwez. An yi ginin cikin gaggawa, a 'yan watanni, mafi yawansa da katako, da kujeru kimanin 850. Aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1869 da wasan Rigoletto na Verdi. Jama'a da dama suna ɗauka wasan A'ida aka yi a wannan dare, amma a lokacin Verdi bai ma karɓi aikin tsara kiɗansa ba. Sai daga baya ya amince, bisa wani labari da Mariette, Bafaranshen nan masanin tarihin Fir'aunoni, ya tsara. Ko da aka gama kiɗan ma sai da aka yi jira, don tufafin wasan da kayan adon dandamali sun maƙale a Faris, wadda sojojin Furushiya suka yi wa ƙawanya. Ranar 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna A'ida a duniya, a wannan gida na Isma'il, kuma Verdi da kansa bai halarta ba.

Duk wannan na san shi, na karanta. Abin da ban sani ba shi ne abin da ya faru da gidan bayan nan.

Malamina shi ya koya mana wasan kwaikwayo a sakandare. Mutum ne da ya yi imani cewa labari ɗaya ne a ko'ina, tufafinsa ne ke sauyawa, kuma yakan ba mu labarin A'ida a aji: 'yar sarkin Habasha da aka kama baiwa a Masar, ta faɗa son jarumin da aka ɗora wa jagorancin yaƙi da ƙasar ubanta. Yakan ce mu dubi yadda aka matse yarinyar nan tsakanin uba da masoyi, mu gaya masa ko akwai marubucin da zai so ya rasa irin wannan ƙulli. Da tsufa ya zo, ciwon gwiwa ya kawo shi Alƙahira neman magani. Kafin ya taso ya kira ni a waya, ya ce abu guda yake so bayan ganin likita: in kai shi gidan da aka fara yin A'ida.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai na san wurin. A bar mini wannan."

Ban san wurin ba. Na san wani gini mai suna Ofera, na san wani tarihi mai suna Ofera, sai na liƙa su da juna a raina ba tare da na bincika ba. Na tsara komai da kyau, in ban da ainihin abin: na nemo mota don kada ya hau matakalar tasha, na zaɓi la'asar don rana ta yi sanyi, na tanadi ruwan sha. Muka tsallaka gadar Ƙasrun Nil zuwa Jazira, na tsayar da shi a farfajiya yana dogare da sandarsa, na fara zuba. Na nuna masa ƙofar da na ce ta nan manyan baƙin Isma'il suka shiga. Na ambaci 1869, na ambaci 1871. Ya yi shiru yana kallon ginin, yana kallon ƙubbobinsa da farin bangonsa, can sai ya ce, "Ɗana, wannan gini bai yi kama da wanda ya haura shekara ɗari ba." A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Maimakon in ce bari mu tambaya, sai na ce ai gyara aka yi masa. Amsar ban samo ta ko'ina ba, a take na ƙirƙire ta don in kare maganata. Malam ya gyaɗa kai, ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta.

A ɗan gidan tarihin da ke cikin ginin gaskiya ta tare mu. Hotunan tsohon gidan na nan, siffarsa ta Turai ce, ba ta da dangantaka da inda muke tsaye. Wani ma'aikaci ya yi mana bayani a natse: da asubahin 28 ga Oktoba 1971 gobara ta cinye gidan Isma'il ƙurmus, saura 'yan makonni A'ida ta cika shekara ɗari. Katakon da ya sa aka gama shi da wuri shi ya sa wuta ta gama da shi da wuri. Tufafin wasanni da kayan dandamali da takardun kiɗa na tsawon ƙarni suka tafi tare da shi. Alƙahira ta yi shekara 17 ba ta da gidan ofera na kanta, sai a Oktoban 1988 aka buɗe wannan na Jazira, wanda ƙasar Jafan ta gina kyauta.

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan abin da ya rubuta a farfajiya, ya rubuta sabon a ƙarƙashi. Na ce, "Malam, a yafe mini. Ban bincika ba, kuma zancen gyaran nan ni na ƙaga shi." Ya ce ya yafe, amma in tuna da a ce ba mu shigo ɗakin nan ba, da ya koma gida ya gaya wa mutane, su kuma su yarda, don za su ce ai ya je ya gani da idonsa.

Wannan magana ita ta daɗe tana cina. Rashin sanin cewa gida ya ƙone ba abin kunya ba ne. Dubban mutane na wucewa ta dandalin kullum ba su sani ba. Laifina shi ne na karɓi amanar jagora da jarin da ba ni da shi. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma wanda ya riƙe masa sanda nauyi ne a kansa ya san inda yake taka ƙafa. Malam ya fi ni ilimin A'ida nesa ba kusa ba, idonsa ma ya gano gaskiya kafin nawa, amma ya ajiye shakkarsa saboda ni ne mazaunin gari. Zaman gari ya ba maganata ƙarfin da ba ta cancanta ba. Na kuma lura cewa karatun da na yi shi ya ruɗe ni: littattafan da ke ba da labarin wuri mai tarihi sukan tsaya a ranar ɗaukakarsa, ba sa bin sa har zuwa yau. Wanda zai kai wani ziyara irin wannan wuri, tambayarsa ta farko ita ce ko ginin na nan, ko kuwa suna ne ya rage, sannan ya je da ƙafarsa ya duba kafin ya ɗauko baƙo. Gidajen wasa musamman suna yawan ƙonewa, saboda katako da labule da fitilu. La Fenice ta birnin Benis ta ƙone a 1836, ta sake ƙonewa a 1996, abin da ake gani yau sabon gini ne a tsohuwar siffa.

Washegari na kai shi dandalin Ofera na gaskiya, duk da gwiwarsa, don ya ce ba zai bar Masar bai taka wurin ba. A inda gidan yake a da, yanzu wani gini ne mai hawa-hawa na ajiye motoci. Gunkin Ibrahim Basha, mahaifin Isma'il, na nan a kan dokinsa a tsakiyar dandalin, motoci na kewaye shi. Malam ya tsaya ya tambayi ta wace fuska ƙofar take, wannan karon na ce bari mu duba hoton da muka ɗauka jiya, muka gwada shi da inda gunkin yake. Daga nan muka gangara wajen masu sayar da tsofaffin littattafai na Azbakiyya, ya daɗe yana tona tsibin mujallu.

Tun daga lokacin, duk wanda ya ce in tsara masa wannan ziyara, daga Ataba nake sa shi ya fara, ya ga dandalin da gunkin da filin da aka rasa, sannan ya haye Jazira ya ga hotunan, ya kuma kalli wasa idan lokacin wasanni ne, don akwai na Turai, akwai daren kiɗan Larabawa. Nakan gaya masa ya tambayi ƙa'idar sutura tun kafin ya sayi tikiti, domin babban zauren yana da tsauri a kan shigar maza. Idan kuwa burinsa ya zauna a cikin tsohon gini ne da gaske, nakan tura shi Iskandariyya, inda gidan wasa na Sayyid Darwish, wanda aka buɗe a 1921, yake tsaye har yau ana wasa a cikinsa.