Igiyar Kawu da Tawa

A Deule, idan rani ya kai rani, ido kan koma bisa gawo. Shi ne ke kore shar sa'ad da sauran itatuwa suka yi tsirara, domin da damina yake zubar da ganyensa. Harawa ta ƙare, awaki na kuka, sai a hau a rage musu reshe. Ragewa fa na ce, don gawo itace ne da doka ta kare, wanda ya kayar da shi zai gamu da ma'aikatan gandun daji.

Kawuna ake kira wa wannan aiki a unguwarmu. Ya koyi sara ne a kwarin Majiya, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska. Da itatuwan suka girma aka riƙa sare kawunansu, a bar gindi ya sake tofo.

Kayansa ba su da yawa: gatari, zoben ƙarfe ɗaya, da igiya biyu na rama da ya tuƙa da hannunsa. Ɗaya ta ƙugu ce, ɗaya ta sauko da reshe, kuma bai taɓa musanya su ba. Abin da ke cin raina ina saurayi shi ne zaman da yake yi kafin ya hau. Zai miƙe ƙafa a gindin itace, ya bi igiyar da yatsu tun daga wannan baki har wancan, ya murɗe ta baya ya leƙa cikinta, wani lokaci har ya sansana. Rana na ɗagawa, ni ina tsaye da gatari ina ƙunƙuni.

Da na fara samun kuɗin kaina sai na sayo igiyar roba shuɗiya a kasuwar Madawa. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, to me zan duba? Na jefa ta bisa rumfa ta kwashe bazara guda a rana. Matan gida kuma, idan tasu ta guga ta tsinke, tawa suke ja su tafi rijiya, ta dawo jiƙe da yashi.

Ranar da abin ya faru reshen bedi nake saukowa da shi daga saman ɗakin maƙwabci. Na rataya zoben, na zura igiyar, na sare. Reshen ya yi lilo sau ɗaya, sai na ji tas! Ya faɗa kan darni ya murƙushe shi, taki kaɗan daga inda wata yarinya ke wanke-wanke. Da na sauko gwiwoyina sun ƙi ɗaukata, domin ragowar wannan igiyar ce ɗaure a ƙuguna.

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki guntun ya murza, wani farin gari ya zubo a tafinsa.

"Ka gani, ɗana? Rana ta cinye ta tun tuni."

"Kawu, ai jiya ma lafiya lau take."

"A ido."

Ya buɗe tufkar ya nuna mini yashin da ya shige tsakanin zare, yana yankan ta daga ciki duk lokacin da aka ja. Sannan ya kama yatsana ya goga a cikin zoben. Igiya ta ci ƙarfen har ta yi masa kwari, bakin kwarin kuwa kaifi gare shi kamar aska. A daidai nan ta tsinke. Ta rama, in ji shi, takan yi gashi ta yi ƙara kafin ta mutu, mutum ya ji ya sauko. Ta roba tana nan da kyanta har ranar da za ta kayar da kai.

Daga baya na karanta cewa a Ingila doka ta tilasta wa masu gyaran itatuwa su kai igiya da ƙarafan hawa a duba su duk wata 6. Na yi dariya, don Kawu kullum yake duba tasa, ba takarda ba hatimi.

Har yau igiyar roba nake saye, rama ta yi wuyar samu kuma hannuna bai iya tufka ba. Amma a buhu take kwana cikin ɗaki, ba ta zuwa rijiya ko wa ya roƙa, zoben kuma na canja shi sau biyu. Shuɗiyar nan Kawu ya yayyanka ta a ranar, aka ɗaure awaki da ita.