Me Ya Sa Muke Jan Labarin Yarima da 'Yar Aiki?

Masu karatu suna yawan yi mana ƙorafi: an kai shafi na 40, miskilin Yarima ko sunan 'yar aikin gidansu bai taɓa kira ba. To, da gangan muke yi.

Mu da muka tashi a Kakuri da Makera mun san 'yan aikin gaske. Tun da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL ta biyo baya a 2007, ƙannenmu da yawa suka shiga shara da wanke-wanke a gidajen Barnawa. Wasu kuma daga ƙauye ake kawo su, dillaliya ke karɓar albashinsu. Idan ɗan masu gida ya yi saurin ƙyasa irin wannan yarinya, ba kasafai ake kai wa ga ɗaurin aure ba. Da ciki ake sallamarta, a ce ita ta ja shi.

Yaran nan suna sauraron littattafanmu a waya. Shi ya sa Yarimanmu sai ya fara ganin mutuncinta, ya tsaya mata a gaban mahaifiyarsa, ya tura magabatansa wurin iyayenta, sannan mu bar shi ya furta so. Wanda ya tsallake wannan hanya, ƙanwarmu, ki kiyaye shi.