Hannun Da Ya Dace Da Hannun Yaya

Na san wani zai yi mamaki ya ga magidanci kamata, mai furfura a gemu, ya ɗauki alƙalami yana rubutu a kan wasan harbi na talabijin, wanda yara ke kira gem. To, a yi mini haƙuri a ji dalili tukuna, gama ruwa ba ya tsami banza.

Ni a Azare na tashi, amma asalin gidanmu Katagum, watau tsohuwar hedkwatar masarautar da Malam Zaki ya kafa, kafin a komo da fada Azare cikin 1916. Wajen 1993, ina ɗan firamare, wani mai shago a unguwarmu ya sayo irin na'urar nan da ake cusa wa kaset a haɗa da talabijin, kwaikwayon Famicom wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. Da zarar an kawo wuta sai ka ga yara sun yi dafifi a ƙofar shagon, kowa da 'yan sulallansa. Yayana, wanda a lokacin yake koyon ɗinki, shi ne gwanin unguwa. Shi ya fara ɗora mini yatsu a kan abin sarrafa wasan, wanda muke kira hannu, ya ce, "Kai yaro, kada ka dubi jirginka, dubi harsashin da ke zuwa."

Ga wanda bai sani ba, kakan waɗannan wasanni shi ne Space Invaders, wanda wani injiniya mai suna Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira wa kamfanin Taito a 1978. Dodanni 55 ne ke saukowa daga sama, sahu biyar, kowane sahu 11, kai kuwa kana ƙasa da 'yar bindigarka. Abin mamaki, in ka rage yawansu sai sauran su ƙara sauri. Dalili kuwa shi ne na'urar zamanin ba ta da ƙarfi, in dodanni sun ragu sai aikinta ya yi sauƙi, ta yi ta gudu. Da ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi haka. Bayansa kamfanin Namco ya kawo Galaxian a 1979 da Galaga a 1981, Capcom ya kawo 1942 a 1984, Konami kuma ya kawo Gradius a 1985.

Kwanci tashi, Yaya ya koma Katagum ya buɗe shagon ɗinki, ya yi iyali, ni kuma aiki ya riƙe ni a Azare. Bara, da sanyin hunturu, Allah ya jarrabce shi da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama bai koma daidai ba. Mutumin da ya shekara talatin yana zura zare a allura, yau ga shi maɓallin rigarsa ya gagare shi. Ba ciwon ne ya fi tayar mana da hankali ba, shirun da ya biyo baya ne. In na je gaishe shi, sai in iske shi a zaure ya juya wa ƙofa baya, daga "lafiya lau" ba ya ƙara kome.

Ran nan ina dawowa sai wannan tsohon wasa ya faɗo mini a rai. Da yake kamfanonin sun sake fitar da wasanninsu na dā a haɗe, na sa aka zuba mini su a ƙaramar kwamfutata. Nan fa na tafka kuskure. Na shiga kasuwa na ce a ba ni hannu mafi tsada, aka miƙo mini na zamani maras waya, mai madannai fiye da goma da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. Na kai wa Yaya ina fara'a. Ya karɓa, ya yi ƙoƙari ya riƙe, abin ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma a gaban 'ya'yansa. Ya dube ni ya ce, "Ka zo ne ka nuna mini abin da ba na iyawa?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Na koma gida na yi ta tunani, har na gane ni na dubi kuɗin kaya, ban dubi hannun mai riƙewa ba. Galaga ba ya bukatar kome sai abu uku: hagu, dama, da harbi. Asalinsa ma ba a riƙe yake ba, a jikin wani babban akwati yake, da sanda guda da madanni guda. Sai na aika Kano aka sayo mini irin wannan: faifai mai nauyi da ake ɗorawa a cinya, sanda mai ƙulli a hagu, manyan madannai a dama, da waya da ake cusawa a kwamfuta. Yana kuma da wurin da in an murɗa, muddin ka danne madanni harbi ba zai tsaya ba.

Na kai, ban ce uffan ba, na zauna gefe ina wasa ni kaɗai, ina mutuwa da gangan. Can sai na ji murya a bayana, "Har yanzu jirginka kake kallo." Na tura masa faifan. Ya kama sanda da hagu, ya ɗora tafin hannun daman a kan madanni, nauyin hannun kawai ya isa. A Galaga akwai babban dodo da ke sace maka jirgi, in ka harbe shi sa'ad da ya sauko sai jirgin ya dawo, su jeru biyu suna harbi tare. Ran nan sau uku Yaya yana kuskure, a na huɗu ya ƙwato nasa. Yara suka ɗau sowa, har matarsa ta leƙo daga cikin gida ta ga ko lafiya.

Saboda haka ga shawarata ga mai son farawa. Ya fara da Space Invaders ko Galaga, sa'an nan 1942 inda jirgi ke zuwa gaba da baya, ya bar Gradius sai ya ƙware. Mai lafiyar yatsu, ƙaramin hannu mai madanni kamar mararraba ya ishe shi, ya ma fi sandunan zamani tsayawa daidai inda ake so. Mai waya ya fi kwanciyar rai, don ba ruwansa da caji. Uwa uba, a gwada a hannu kafin a biya.

Ban ce wasa magani ne ba, magani na wurin Allah, sa'an nan likita. Yaya bai koma kan keken ɗinki ba tukuna. Amma yanzu kowace Asabar yana zaune ya fuskanci ƙofa yana jirana, har makon jiya ya ce a buɗe shago ya ga abin da yaransa ke ɗinkawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Haza wasalam.